Hukumar muhalli ta ƙara mana kuɗin wuta, hukumar makamashi kuma ta ce mu rage: ina aka dosa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da injina a wata masana'antar rini da gyaran yadi. Bara hukumar kare muhalli ta tilasta mana sanya matatar ƙura a bututun hayaƙin tukunyar tururinmu, da kuma gina wurin tace ruwan rini kafin mu sake shi. Mun yi. Tun daga nan kuɗin wutarmu ya haura sosai. Bana kuma sai ga takarda daga hukumar makamashi, wai dole mu rage makamashin da muke ci a kan kowane tan na yadi, in ba haka ba akwai tara. Masu kamfani sun ce gwamnati tufka da warwara take yi. Don Allah, shin manufofin nan biyu suna tafiya tare kuwa, ko kowace hukuma gabanta kawai take yi? Mu da ke tsakiya yaya za mu yi?"

Wa alaikumus salam, Malam Injiniya. Abin da kake tambaya, in na fahimce ka, shi ne ko dokar tsimin makamashi da dokar kare muhalli an tsara su su taimaki juna, kuma in haka ne, me ya sa bin ɗaya ya jefa ku cikin saɓa wa ɗayar. Aikina shi ne bin masana'antu ina auna inda makamashinsu ke zurarewa, kuma wannan kukan naku na sha jin sa. A mafi yawan tafiyar, manufofin biyu hanya ɗaya suke bi, domin kaso mai tsoka na gurɓatar da masana'anta ke fitarwa daga man da ta ƙona yake zuwa. Amma akwai wasu mararraba da suke rabuwa, kuma ku a kan ɗaya daga cikinsu kuka tsaya. Masu kamfaninku ba su yi ƙarya ba da suka ga kuɗi ya hau. Inda suka yi gaggawa shi ne ɗauka cewa ba yadda za a yi.

Asalinsu ba ɗaya ba ne

Dokokin muhalli cuta da mutuwa ne suka haife su. A watan Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan na wasu kwanaki, ƙiyasin farko ya ce mutum kusan 4,000 suka mutu, daga baya aka gano adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Daga nan Birtaniya ta yi dokar tsaftace iska a 1956. Amurka ta kafa hukumarta ta kare muhalli a 1970. Su kuwa dokokin tsimin makamashi, tsadar mai ce ta haife su. A rikicin mai na 1973 farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni, ƙasashen da ke sayo mai daga waje suka shiga taitayinsu. Japan, wadda kusan duk manta daga waje yake zuwa, ta yi dokarta ta amfani da makamashi bisa tsari a 1979, inda aka wajabta wa manyan masana'antu naɗa jami'in kula da makamashi. Daga baya aka ɗora musu burin rage makamashin da ke shiga kowane ma'aunin kaya da kashi 1 cikin 100 duk shekara.

Saboda haka tun farko ma'aikatu daban ne, ma'aikata daban, har ma'aunin da suke aiki da shi daban. Jami'in muhalli yana hawa bututun hayaƙi ya auna miligiram nawa na ƙura ke cikin kowace mita kubik ta hayaƙi, ba ruwansa da ko nawa ka kashe wajen rage ta. Jami'in makamashi kuma takardun kuɗin wuta da na mai yake dubawa, ya raba da tan ɗin kayan da ka fitar, ba ruwansa da abin da ke fita ta bututun. Kowannensu yana da gaskiya a cikin littafinsa.

Abin da ya tilasta musu zama inuwa ɗaya shi ne batun ɗumamar yanayi, tun daga taron muhalli na duniya da aka yi a birnin Riyo a 1992 zuwa yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 da ta Paris ta 2015. Iskar kabon ba kamar ƙura ba ce da za ka tare da yadi, ba kuma kamar iskar farar wuta ba ce da za ka wanke da ruwan farar ƙasa. Hanya mafi araha ta rage ta ita ce ka rage man da kake ƙonawa. Da wannan sai tsimin makamashi, wanda a da maganar tattalin arziki ce zalla, ya zama makamin muhalli na farko.

Inda suke tafiya kafaɗa da kafaɗa

Bari mu shiga ɗakin tukunyarku, don a nan abin ya fi fitowa fili. Da yake an ce ku sa matatar ƙura, na ɗauka kwal ko itace ko baƙin mai kuke ƙonawa. Abu na farko da nake yi a irin wannan ɗaki shi ne in zura bakin na'urar auna hayaƙi a ramin da ke bayan tukunya, in jira lambobi su tsaya. Sau da yawa sai ka ga iskar oksijin da ta rage a hayaƙin ta kai kashi 11 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce ana hura wa wutar iska fiye da ninki biyu na abin da take buƙata. Mai kula da tukunya yakan buɗe ƙofar iska har ƙarshe don kada hayaƙi ya yi baƙi a yi masa faɗa, kuma a wajensa wannan dabara ce mai kyau. Amma duk wannan rarar iskar tana shiga da sanyi, a dafa ta da manku, ta fice ta bututu da zafinta. In aka daidaita ta koma kashi 6, wanda tukunyar kwal mai lafiya za ta iya, yawan hayaƙin da kansa zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ka lura da abin da ya biyo baya. Mai ya ragu, wato an biya wa hukumar makamashi buƙata. Ƙura da iskar farar wuta da kabon da ke fita a yini sun ragu, tunda man da aka ƙona ya ragu. Sannan fankar da ke jan hayaƙi ta cikin sabuwar matatarku, wadda tana cikin abubuwan da suka ƙara muku kuɗin wuta, yanzu abin da za ta ja ya ragu. In akwai na'urar rage gudu a jikin injinta, wutar da take ci za ta iya faɗuwa da fiye da rabi, domin fanka da famfo suna da wata ɗabi'a: in ka rage gudunsu da kashi 20 cikin 100, wutar da suke ci takan sauka da kusan rabi. In kuwa babu na'urar, ana toshe hanyar iska ne kawai da murfi alhali injin na gudu a ƙarshen ƙarfinsa, to ribar kaɗan za ku gani. Wani abin da ba kowa ya sani ba: yawancin dokokin hayaƙi suna mayar da sakamakon awo zuwa wani ƙayyadadden adadin oksijin kafin a kwatanta shi da iyaka, don haka tsarma hayaƙi da iska ba ya ma taimaka wa kowa wajen cin jarrabawar.

Ɓangaren ruwa ya fi wannan daɗi a masana'antar rini. Ruwan da ke fita daga injin rini yakan fita da zafi, wani lokaci sama da digiri 60, shi kuma ruwan da ke shigowa sai an dafa shi daga sanyi. Wurin tace ruwanku kuma ƙwayoyin halitta ne ke cinye dattin, kuma ba sa jure zafin da ya wuce digiri 40 ko kusa da haka. Na taɓa shiga wata masana'anta na tarar sun sayi hasumiyar sanyaya ruwa, da fankarta da famfonta, musamman don su huce ruwan rini kafin ya shiga wurin tacewa, alhali a ɗaya gefen katangar tukunya na ta cin mai tana dafa ruwan sanyi. Kuɗi biyu suke biya: na dafawa da na hucewa. Na'urar musayar zafi guda ɗaya tsakanin bututun biyu ta isa ta kashe matsalar, ruwan datti ya miƙa wa mai tsabta zafinsa ba tare da sun gauraya ba. Dalilin da ya sa ba su gani ba shi ne wanda ya zana wurin tace ruwan ɗan kwangilar muhalli ne, bai taɓa leƙa ɗakin tukunya ba, ba kuma wanda ya ce ya leƙa.

Haka lissafin yake a manyan masana'antu. Tsohuwar hanyar dafa siminti da jiƙaƙƙen kwaɓi tana cin gigajul (ma'aunin makamashi) 5 zuwa 6 a kan kowane tan na kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, ita kuwa busasshiyar hanya ta zamani kaɗan ta haura 3. Narka tsohon alminiyon yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen fitar da sabo daga ma'adini. Ƙasar Sin, tsakanin 2006 da 2010, ta rufe ƙananan tsofaffin tashoshin wuta na kwal da ƙarfinsu ya haura megawat dubu 70, ta maye gurbinsu da manya masu tsimi, kuma matakin ya shiga lissafin burin makamashi da na tsaftar iska gaba ɗaya.

Inda suke rabuwa

Mararraba ta farko ita ce taku. Duk na'urar da aka ɗaura a ƙarshen bututu don ta tare datti, wuta take ci, kuma ba ta ƙara ko taƙi ɗaya na yadi. Matatar ƙura tana tare hanyar hayaƙi, dole fanka ta ƙara ƙarfi. A wurin tace ruwa, injinan da ke hura iska cikin tafkin su kaɗai sukan cinye rabi ko fiye na wutar wurin. A tashar wuta mai kwal, na'urar wanke iskar farar wuta takan lashe kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na wutar da tashar ke samarwa. Na'urar kama kabon kuwa ta fi su duka ci nesa. Saboda haka in aka raba makamashi da tan, masana'antar da ta bi dokar muhalli sai ta fito kamar mai almubazzaranci, wadda ke zubar da dattinta a rafi kuma ta fito kamar mai tsimi. Duk dokar makamashin da ba ta yi la'akari da wannan ba, a ganina, dokar ce ke da gyara.

Sin ta ɗanɗana wannan. An tilasta wa tashoshin kwal sanya na'urorin wanke hayaƙi, suka sanya, amma da yawa ba sa kunna su sai in masu dubawa na tafe, saboda kunnawar asara ce a wajensu. Abin da ya gyara lamarin shi ne haɗa kuɗin wuta da tsaftar hayaƙi: tashar da ke wanke hayaƙinta ana ƙara mata fen 1.5 (fen shi ne kwabon kuɗin Sin) a kan kowane kilowat-awa da ta sayar, aka kuma sa na'urorin awo masu aika rahoto kai tsaye ga hukuma, wanda aka kama ya kashe tasa ya mayar da kuɗin har da tara. Wato hukumar da ke yanka farashin wuta ce ta zama mai tsaron dokar muhalli. Zuwa 2010 iskar farar wuta da ƙasar ke fitarwa ta ragu da kusan kashi 14 cikin 100 a kan ta 2005, alhali burin kashi 10 ne.

Mararraba ta biyu a cikin harshen wutar kanta take. In ka ɗumama iskar da ke shiga murhu da zafin hayaƙi, ka yi tsimin mai, amma harshen wuta ya ƙara zafi, kuma zafin nan shi ke haɗa naitirojin da oksijin na iska su zama gubar da ke ƙona huhu. Injin dizal ma haka yake: daidaitawar da ta fi tsimin mai ita ce ta fi fitar da wannan guba. Badaƙalar kamfanin Volkswagen da ta fallasa a 2015 a kan wannan gaɓar ta tsaya, an sa wa motoci manhajar da ke gane lokacin gwaji ta tsaftace hayaƙi, a kan titi kuma ta saki. Akwai kuma iyakar yadda za ka huce hayaƙi don kwashe zafinsa. In man yana da farar wuta, ka sauke zafin hayaƙin ƙasa da digiri 130 zuwa 150, sai ruwan asid ya fara tsattsafowa, ya ci ƙarfen bututu, ya kuma manne jakunkunan yadin da ke tare ƙura a matatarku. Ka riƙe wannan kafin wani ɗan kasuwa ya sayar muku da na'urar kwashe zafi mai alƙawarin abin mamaki.

Ta uku ita ce gurɓatar da ba daga mai take zuwa ba. A siminti, kusan kashi 60 cikin 100 na kabon daga dutsen farar ƙasa yake fita idan aka gasa shi, kimanin rabin tan a kan kowane tan na kilinka, ko da da hasken rana ka gasa. Launin rini da sinadaran da ke cikin ruwanku ma haka ne. Tsimin makamashi ba ya taɓa su, dole sai dokar muhalli ta tsaya da ƙafarta. Sauya mai ma yakan raba hukumomin biyu: tukunyar da ta bar iskar gas ta koma itace ta rage kabon da ke fitowa daga man da ake haƙowa daga ƙasa a takarda, amma ƙurarta ta ƙaru kuma ingancinta ya ragu.

Akwai ta huɗu, wadda masana tattalin arziki suka fi so. Tun 1865 wani masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, William Stanley Jevons, ya lura cewa da injin tururi ya ƙara tsimin kwal, sai cin kwal a Birtaniya ya ƙaru, domin aiki da injin ya yi araha kowa ya saya. Dokar makamashi yawanci a kan kowane tan take magana, kogi da huhun mutane kuwa jimilla suke karɓa. Masana'antar da ta rage cinta da kashi 10 a kan tan, ta kuma ninka kayan da take fitarwa, ta ci jarrabawar makamashi alhali maƙwabtanta hayaƙi ya ƙaru musu.

Yadda ƙasashe ke ɗaure su wuri ɗaya

Tarayyar Turai ta bi ta hanyar lasisi. A dokarta ta 2010 kan hayaƙin masana'antu, babbar masana'anta izini ɗaya take karɓa wanda ya haɗa iska da ruwa da shara da amfani da makamashi, kuma ana gina sharuɗɗansa a kan mafi kyawun dabarun da ake da su a wannan sana'a. Amfanin wannan shi ne mai ba da izini dole ya auna ribar matata da wutar da za ta ci kafin ya wajabta ta. Wata dokar ta 2012 kuma ta wajabta wa manyan kamfanoni binciken makamashi duk shekara huɗu.

Birtaniya ta bi ta haraji. A 2001 ta sa harajin sauyin yanayi a kan makamashin da kamfanoni ke saya, sannan ta ce masana'antu masu cin wuta da yawa za a yafe musu kashi 80 cikin 100 na harajin in sun sa hannu a yarjejeniyar rage ci kuma suka cika. Wannan tsarin ina ganin hikimarsa, domin ya mayar da maganar tsimi daga teburin injiniya zuwa teburin mai riƙe da kuɗin kamfani, wanda shi ne ke sa hannu a sayen kaya. Afirka ta Kudu ta yi makamancin haka daga ɓangarori biyu: rangwamen haraji a kan kowane kilowat-awa da aka tabbatar an yi tsiminsa tun 2013, da harajin kabon da ya fara a 2019 a kan rand 120, kuɗin ƙasar, kowane tan.

Indiya ta yi dokar tsimin makamashi a 2001, sannan a 2012 ta fara wani tsari da ya ba manyan masana'antu 478 a sassa takwas kowacce burinta na kanta. Wadda ta wuce burinta ana ba ta takardun shaida ta sayar wa wadda ta gaza. A zagayen farko an nemi tsimin da ya kai kimanin tan miliyan 6.7 na mai, aka samu kusan miliyan 8.7. Abin da ya shafe ka a tsarin nasu shi ne ana gyara lissafi idan masana'anta ta ƙara na'ura saboda dokar muhalli, ba a ɗora mata wutar na'urar a matsayin gazawa.

Ba kowane ɗauri ne ke kamawa ba. Sin ta sa burin rage makamashi a kan kowane ma'aunin arzikin ƙasa da kashi 20 cikin 100 daga 2006 zuwa 2010, ta raba wa larduna da manyan kamfanoni dubu, ta kuma ɗaura ƙarin girman jami'ai a kan cikawa. An yi aiki na gaske, an kai kusan kashi 19. Amma a watannin ƙarshe na 2010 wasu ƙananan hukumomi da suka ga ba za su kai ba sai suka riƙa yanke wa masana'antu wuta, a wasu wurare har da gidaje. Masu masana'antu suka tayar da janaretocin dizal, man dizal ya yi ƙaranci, hayaƙi ya ƙaru. An gudu ba a tsira ba. Turai ma ta ga nata: kasuwar izinin fitar da kabon da ta buɗe a 2005 ta ƙayyade jimillar da za a fitar, to da karayar tattalin arzikin 2008 ta haɗu da dokokin tsimi da na makamashi mai sabuntuwa, sai izini ya yi yawa a kasuwa, farashin tan ya faɗo daga kusan yuro 30 zuwa ƙasa da 5 a 2013. Tsimin da wani ya yi sai ya zama rahusa ga mai ƙona kwal. Sai da aka amince da kafa rumbun janye rarar izini, wanda ya fara aiki a 2019, kafin farashin ya farfaɗo da gaske.

Duk da haka, a cikin abubuwan da na gani, ba abin da ke rusa manufofin biyu gaba ɗaya kamar mai ko wutar da gwamnati ta karya wa farashi ƙasa da kuɗin samar da su. Aikin da zai mayar da kuɗinsa cikin shekara biyu sai ya koma shekara shida, mai kamfani ya ce a bari tukuna, kuma lissafinsa daidai ne. A nan kam ana iya cewa tufka da warwara, sai dai ba tsakanin hukumar muhalli da ta makamashi ba ne, tsakaninsu ne su biyun da baitulmali.

Ku da ke tsakiya

Da an tambaye ni kafin ku gina, da na ce a fara rage ruwa da hayaƙi, sannan a auna girman matata da tafki. Yin akasin haka kamar ɗinka wa mutum riga ne kafin a gwada shi. Yanzu an riga an gina, kuma kusan tabbas an gina su da girman da ya wuce buƙata, tunda haka 'yan kwangila ke yi su kare kansu. Wannan rarar girman ita ce inda kuɗinku yake kwance.

Ka fara da mita. Ka sa wa wurin tace ruwa mitarsa, fankar matata mitarta, ka riƙa rubuta karatunsu kullum tare da tan ɗin yadin da aka fitar. Ba tare da wannan ba, duk maganar da za ka yi da hukuma ko da masu kamfani zato ce. Da lambobin wata biyu ko uku a hannu, ku rubuta wa hukumar makamashi ku nemi a gyara ma'aunin da ake kwatanta ku da shi, tunda shekarar da suka ɗauka a matsayin tushe ba ku da waɗannan na'urori. Ku haɗa da kwafin umarnin hukumar muhalli, ku kuma ba ita hukumar muhallin kwafin wasiƙar. Ko dokar ƙasarku ta tanadi irin wannan gyara a rubuce, wannan sai ka duba ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinta ko ka tambayi mai binciken makamashi mai lasisi a wurinku, domin ƙasashe sun bambanta. Ko ba ta tanada ba, buƙatar da ta zo da awo tana da wuyar watsarwa.

Sannan ka koma kan na'urorin. A tafkin hura iska, ka sa ma'aunin oksijin da ke narke cikin ruwa, ya riƙa juya gudun injin hurawa. Ƙwayoyin halittar kusan miligiram 2 a lita suke buƙata, amma na sha tarar da tafki a kan 6 ko 7 da tsakar dare, lokacin da ba a rini, injina na ta ruri a banza. A matatar ƙura, duba ko iskar da ke kakkaɓe jakunkuna agogo ke sakinta ko kuwa toshewar jakar ce ke kiranta. In agogo ne, kuna ɓarnar iskar kwamfireso, wadda tana cikin makamashi mafi tsada a masana'anta, kuna kuma tsufar da jakunkunan. Ka zaga ranar hutu, lokacin da wuri ya yi tsit, ka saurari inda iska ke tsiyaya, domin a wurin da ba a kula ba kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar kwamfireso ta nan take tafiya. Ka bi layin tururi ka taɓa tarkunan tururi, wato na'urorin da ke sakin ruwa su riƙe tururi, da ma'aunin zafi, ka ga ko ruwan da tururi ya koma yana dawowa tukunya ko kwata yake bi. Sai daidaita iskar tukunya da musayar zafin ruwan rini da na ambata a sama, waɗanda su ne manya.

Wani zai ba ku shawarar kashe wurin tace ruwa da dare don mita ta huta. Kada ku karɓa. Ban da saɓa doka, ƙwayoyin halittar in suka rasa iska na sa'o'i sukan mutu, tafkin ya yi ɗoyi, kuma farfaɗo da shi yakan ɗauki makonni.

Ta fuskar tsari, in kuna da mai kula da muhalli daban da mai kula da makamashi, ku sa su a kwamiti ɗaya da littafin lissafi ɗaya. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na ISO 14001 na muhalli da ISO 50001 na makamashi a yanzu gininsu iri ɗaya ne, ana iya tafiyar da su tare ba sai an ninka takardu ba. In kuna sayar da kaya waje, masu saye sun fara tambayar kabon da ke cikin kowane tan, kuma Tarayyar Turai tun Oktoban 2023 ta fara neman wannan rahoto a kan siminti da ƙarfe da alminiyon da takin zamani da ake shigar mata. Yadi ba ya cikin jerin, amma mitocin da ka sa yau su ne za su amsa irin wannan tambaya in ta iso gare ku.

Ban ga masana'antarku ba, don haka ba zan yanka maka adadin da za ku samu ba. Abin da na saba gani shi ne wurin da ba a taɓa yi wa binciken makamashi ba yakan sami tsimin da ya rufe ƙarin da na'urorin muhalli suka kawo, har ya yi saura, mafi yawansa daga ɗakin tukunya da ruwan zafi. Amma ka faɗa wa masu kamfani gaskiya: wutar matata da ta tafki ba za ta taɓa komawa sifili ba, kuma ba za ta mayar da kuɗinta ba. Kuɗi ne da a da mutanen da ke shan ruwan rafin da masu shaƙar ƙurar suke biya da lafiyarsu, doka ta dawo da shi littafin kamfani. In ka samu karatun oksijin da zafin hayaƙin tukunyarku, da zafin ruwan rini a inda yake fita, da ƙarfin injinan hura iska, ka turo mini, sai mu lissafa wanne ya kamata a fara da shi.